Bahagon da Yake Bar wa Baƙi Wasa

Tagar ɗakin wanki da guga na otal ɗinmu filin tanis take kallo. Shekara goma sha tara ina tsaye a bakinta, dutsen guga a hannu, tururi yana dafa mini fuska, ina kallon yayana ana cinye shi a wasa. Ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, kullum ta Allah. In na ce abin bai taɓa ci mini rai ba na yi ƙarya.

Bahago ake ce masa, don da hagu yake komai tun yana ƙarami. Aikinsa a otal shi ne abokin wasa. Baƙo zai zo garin nan taro ko hutu, zaman ɗaki ya ishe shi, ya ɗauki takardar da muke ajiyewa a gefen gado mai jerin abubuwan shaƙatawa: wurin ninkaya, ɗakin motsa jiki, kekunan haya, motar yawon ganin gari, sai tanis. A ƙarƙashin tanis an rubuta cewa wanda ba shi da abokin bugu otal zai ba shi. To, Yaya ne wannan da ake bayarwa, kamar yadda ake ba da tawul.

Ba haka ya faro ba. Yana da shekara ashirin da ɗaya ya ɗauki kofin gari baki ɗaya. Ni lokacin ina sha uku, na hau benci ina tsalle har takalmina ya tsinke. Hagunsa ba ta da kunya a lokacin. In ya sako ƙwallo sai ka ga abokin karawarsa ya nufi gabas, ita kuma ta yi yamma. Har an fara maganar za a kai shi wata ƙasa ya ƙara horo, sai Baba ya kwanta, wata biyu ya rasu. Aka bar shi da Inna da ni. Otal ya ce yana neman mai wasa da baƙi, kuma aikin yana tare da ɗaki biyu a bayan filin. Bai yi shawara da kowa ba, ya kwaso mu da tsummokaranmu ya zuba a ɗakunan nan. Kofin kuwa yana kan kabad ɗin Inna, maɓallai da allura take tarawa a ciki.

Satinsa na farko ya kusa rasa aikin. Wani baƙo mai ƙaton tumbi ya zo da matarsa, ya zaunar da ita a inuwa don ta ga bajintarsa. Yaya, da jinin ƙuruciya, ya yi masa shida ba ko ɗaya cikin minti ashirin. Kafin azahar mutumin ya haɗa kayansa ya koma wani otal. Manajan wancan lokacin, wani dattijo mai sanyin magana, Allah ya jiƙansa, ya kira Yaya ofis.

"Bahago, ka iya wasa, na gani," in ji shi. "Amma baƙo bai biya kuɗin ɗaki don a kunyata shi gaban iyalinsa ba. Ka sa shi gumi, ka sa shi gudu, sannan ka bar shi ya koma ɗaki yana jin shi wani ne. Za ka iya?"

"Zan iya, ranka ya daɗe."

Washegari ya mayar da raket, wato abin bugun ƙwallon, hannun dama. Shekara ashirin da shida ke nan, hagu ba ta sake riƙe shi a gaban baƙo ba.

Kada ku zaci abu ne mai sauƙi. Ni ma da haka na ɗauka, har na taɓa ce masa, "Yaya, wai faɗuwa ma sai an koya? Ai ko ni ka ba ni raket ɗin zan faɗi."

Ya yi dariya ya ce, "Ke Auta, ke za ki faɗi baƙo ya gane. Wanda ya gane an bar masa, ya fi wanda aka cinye jin haushi."

Yana da ƙa'idojinsa, kuma da yake tagata ce a kansa, na haddace su kamar ni na kafa su. Ba ya barin baƙo ya ci zagayen farko. Sai ya shige gaba tukuna, ya bar mutum ya ji wuya, riga ta jiƙe. Yana lura da fuska. Da zarar baƙo ya sunkuyar da kai ya fara gyara igiyoyin raket ɗinsa da yatsa kamar su ne da laifi, to zuciya ta fara karyewa, lokacin sakin hannu ya yi. Kuma ba ya barin musayar ƙwallo ta wuce bugu tara, don ya ce numfashin mai zaman ofis iyakarsa ke nan. A na tara sai ya sa ta cikin raga, yatsa biyu ƙasa da farin ƙyallen saman, inda kowa zai ce saura ƙiris. Sannan ya daki cinyarsa da tafin hannu, ya yi tsaki, kamar wanda abin ya ɓata wa rai. Baƙo ya tafi yana haki yana murmushi, gobe ya dawo.

Ba zan ce aikin banza ba ne. Akwai wata mata da ta zo ita kaɗai, daga baya muka ji mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Kwana uku ba ta fita ɗaki ba, mai shara ta ce ko labule ba ta ɗagawa. Rana ta huɗu ta sauko filin da takalmin da ba na wasa ba. Yaya ya yi ta miƙa mata ƙwallo a hankali daidai inda hannunta yake, ranar da za ta tafi kuwa ta ci shi, ta yi dariyar da har a ɗakin guga na ji ta. Irin wannan nakan ce to, Allah ya yi albarka. Amma in na ga wani wanda ko gudu bai iya ba yana dafa kafaɗar yayana yana ce masa ya ƙara ƙoƙari, sai na ji kamar na wurgo dutsen guga ta taga.

Haka rayuwa ta tafi. Ya yi aure, matar ta rasu, 'yarsu ɗaya tana gidan mijinta a wani gari. Ni ma na yi aure na bar ɗakunan, Yaya ne ya nema mini aikin guga. Ya rage daga shi sai Inna. Kullum da sassafe zai ba filin ruwa, ya ja tabarmar share jar ƙasar har ta kwanta lumui, ya goge fararen layuka, ya auna tsayin raga da sanda. Inna tana ƙofar ɗaki a farar kujerar roba tana yi masa faɗan bai karya ba.

Bara aka sayar da otal ɗin, aka kawo sabon manaja. Agogo muke ce masa a bayan idonsa, don ba ya gama gaisuwa bai duba hannunsa ba. Ba mugu ba ne, wannan kam zan faɗa. Mutum ne da bai yarda da komai ba sai abin da ya gani a rubuce. Yanzu kuwa baƙi in sun tafi sukan rubuta ra'ayinsu a waya, kowa ya karanta. Ya sa aka buga masa duk abin da aka ce game da filin tanis. Kun san me suka rubuta? "Fili mai kyau, amma mai wasansu ya tsufa, ni da na shekara goma ban taɓa raket ba na cinye shi." "Na ci ƙwararrensu sau uku a jere." Duk fariya ce suke yi wa abokansu, duk aikin hannun Yaya ne. Shi kuwa Agogo ya karanta ya ga mutumin da bai iya aikinsa ba.

Ranar Talata ya kira Yaya. Ya ce ya samo wani mai takardar shaidar koyar da tanis, shi zai riƙa wasa da baƙi. Yaya kuma, saboda daɗewarsa, a bar shi a kan ban ruwa da share fili, ya ci gaba da zama a ɗakunansa. Yaya ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya fito. Da rana ya leƙo tagata ya gaya mini, kamar yana ba ni labarin wani.

Da na yi shiru, da yanzu Inna tana kujerarta. Amma ni ban gaji shiru ba. Na ajiye dutsen, ko rigar aikin ban cire ba, na haye bene na tura ƙofar ofis ba sallama.

"Ranka ya daɗe, yayana ba wanda ya taɓa cin sa a filin nan. Bar musu yake yi. Da hagu yake wasa, damar nan da kake gani aro ce. Ka tambayi kowa a gidan nan."

Agogo ya ɗago ya dube ni, yau kam bai duba hannunsa ba.

"Kina nufin shekara ashirin da shida yana yaudarar baƙinmu?"

Nan na gane ɓarnar da na yi. Na zo wanke shi, na tsoma shi a kwata.

"Ba yaudara ba ce, ranka ya daɗe. Haka aka umarce shi."

"Wanda ya umarce shi ba ya nan. Ni abu biyu nake gani, ko bai iya ba, ko ya iya yana ɓoyewa. Ke kin ce ya iya. To, ga fili ga mai doki. Ranar Asabar da safe ya kara da sabon. Wanda ya fara cin zagaye shida shi ke da aikin. In yayanki ya ci, ya zauna a matsayinsa, ni kuma na ba shi haƙuri a gaban kowa. In aka ci shi, maganar ban ruwa ma ta tashi, da ɗakunan. Ba zan riƙe mutum a kan labari ba."

Na sauko benen nan. Na same su a ƙofar ɗaki, Yaya yana ɗaure igiyar takalmi, Inna tana tsefe wani tsohon zare. Na faɗa musu duka, ban rage ba. Na so a ce ya zage ni, ko ya ɗaga murya. Ya gama ɗaure igiyar, sannan ya ce, "Auta, bakin nan naki." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Inna ce ta ƙarasa masa. "Tun tana goye nake gaya mata baki shi ke yanka wuya. Yanzu ina kike so na kai ƙafafun nan nawa?"

Kwana huɗu ya samu. A ƙarshen filin akwai bangon koyo, an ja masa farin layi daidai tsayin raga. Duk lokacin da ba baƙo, yana can yana bugu da hagu. Hannun ya yi laushi, kantar da ke tafin ta daɗe da gogewa, ranar farko ma ya yi bororo ya fashe. Na yago tsohon zanen gado na ɗaure masa. Daga ɗakin guga ina jin bugun, tau, tau, tau, sai ya katse, sai ya sake farawa. Yawan katsewar ya dame ni, amma na ce ciwon hannun ne.

Asabar ta zo. Masu dafa abinci suka fito da hulunansu, masu shara suka jingine tsintsiya, mai gadi ya bar ƙofa a hannun Allah. Inna ta sa aka matso mata da kujera bakin shingen filin. Agogo ya zauna a kujerar alƙali da takarda da biro. Ni ban iya fita ba, na tsaya a tagata.

Sabon, wanda muka riga muka sa wa Mai Takarda, mutum ne ɗan kimanin shekara talatin, dogo, mai ladabi. Da hannu biyu ya gaida Yaya, har da rusunawa. Na so na tsane shi, ban samu inda zan kama ba.

Mai Takarda ya ci zagaye biyu na farko ba wuya. Yaya yana bin ƙwallo kamar mai neman abin da ya ɓace masa, gwiwoyinsa suna gardama. Na ce shi ke nan, na kashe mu. A zagaye na uku sai hagu ta farka. Wallahi na ga abin da rabona da shi tun ina kan benci. Ƙwallo ta fito daga hannunsa ta lanƙwasa, ta sauka kan layi ta gudu gefe, Mai Takarda ya miƙa raket ya kamo iska. Bugu uku, bugu huɗu, an gama. Bai bar musayar ta yi tsawo ba ko sau ɗaya. Babban mai dafa abinci ya cire hula yana kaɗawa. Biyu da biyu, uku da uku, har Yaya ya kai biyar, Mai Takarda yana da huɗu. Ƙyallen hannunsa ya yi ja, amma ko kallonsa bai yi ba. Agogo ya ajiye biro.

Aka zo inda maki ɗaya ya rage. Ɗaya tak, ya ci, Inna ta zauna a ɗakinta. Yaya ya tsaya a bayan layi yana buga ƙwallo a ƙasa. A ɗaya ɓangaren Mai Takarda ya sunkuyar da kai, ya sa yatsa ya fara gyara igiyoyin raket ɗinsa.

Na gane alamar nan. Duk wanda ke wurin bai ga komai ba, ni kaɗai na san abin da na gani. Na ce a raina, Yaya kar ka duba. Ya duba.

Ya sako ƙwallo. Mutumin ya mayar. Wannan karon ya ƙi kuskure, duk inda aka kai ta sai ya tsamo ta ya turo. Na samu kaina ina ƙirgawa ba da sona ba. Biyar. Shida. Bakwai. A na takwas Mai Takarda ya zame, ya ɗago ta da ƙyar, ta taho a hankali, sama-sama, ta faɗo tsakiyar fili daidai hagun Yaya. Rabin filin can a buɗe yake, ko ni zan iya sa ta. Yaya ya tako, ya ɗaga hannu, ya buga.

Ta daki raga, yatsa biyu ƙasa da farin ƙyalle. Tafin hannunsa ya sauka a cinya, ya yi tsaki.

Mutane suka ce kash, saura ƙiris. Shi kuwa ya tsaya da hannu a kan cinyar, yana kallon hannun kamar na wani ne aka liƙa masa. Daga nan bai sake zama daidai ba. Tsoron hannunsa ya kama shi, yana bugu yana ɗari-ɗari. Mai Takarda ya ci wannan zagayen, ya ci na ƙarshe. Shida da biyar. Agogo ya rubuta a takardarsa, ya ce wasa ya yi kyau, amma magana magana ce, an ba su sati biyu su kwashe kaya.

Na same shi a bayan ɗaki, bakin famfo, yana kwance ƙyallen. Raina a ɓace yake, da shi da kaina, ban san wanda na fi jin haushi ba.

"Tausayinsa ka ji, Yaya? Shi ka tausaya wa, ka bar Inna?"

"Wallahi Auta ban ji tausayinsa ba. So nake na ci. Na ga inda zan sa ta, a raina ma har na sa ta." Ya tara hannun a ƙarƙashin ruwa. "Na zaci damar kaɗai na koya wa wannan abin. Ashe duk shekarun nan hagun tana kallo."

Na zauna a kan bokiti na yi kuka sosai. Na ce ya yafe mini, ni na jawo. Ya ce na tashi kar Inna ta ji, ya ce abin da ya faru ya faru. Haƙurin nan nasa ya fi zagi ciwo.

Na koma wurin Agogo sau biyu, wannan karon da sallama, har da durƙusawa. Ya saurare ni, ya ce ya riga ya sanya hannu a takarda. Mai Takarda ma, don Allah, ya je ya roƙa a bar masa dattijon ko a ban ruwa. Bai yiwu ba. Inna ta dawo wurina, ɗaki ɗaya da yarana, hawa na uku, ba ta sauka ƙasa sai in za a je asibiti. Kofin yana cikin kwali ƙarƙashin gado, ba wurin ajiye shi. Yaya ya kama ɗan ɗaki kusa da tashar mota, yana taya wani mai shagon kayan wasanni ɗaura igiyar raket.

Ranar da zai miƙa makulli na zo aiki da wuri. An riga an kwashe kaya, ƙofofin biyu a buɗe. Na kunna dutse, na shimfiɗa zanen gado, sai na ji tau, tau daga ƙarshen fili. Na leƙa. Shi kaɗai ne a gaban bangon koyo, raket a hagu, ba baƙo, ba manaja, ba mai kallo. Leɓɓansa suna motsi, ƙirga yake yi. Ni ma na kama.

Bakwai, takwas. A na tara ƙwallo ta daki bango ƙasa da farin layin, ta gangaro wurin ƙafarsa. Ya ɗauka ya sake. Bugun yana fita da kyau, da ƙarfi, kowanne sama da layi. A na tara ta sauka ƙasa. Ya goge tafin a wando, ya gyara tsayuwa, ya sake. Sau biyar ina ƙirgawa, ina cewa a raina goma, Yaya, goma kawai. Bai kai ba.

Sai ya sa raket a jaka. Ya jawo tiyo ya ba filin ruwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ja tabarmar har ƙasar ta kwanta, ya goge layuka, ya auna raga da sanda ya ɗan ɗaga ta. Ya naɗe tiyon ya rataye a ƙusarsa. Da zai wuce ta gaban tagata bai tsaya ba, ya dai ɗan juyo.

"Auta, zaninki yana ƙonewa," in ji shi.

Na duba, dutsen ya cinye zanen har katako. Kafin na ɗago ya kai bakin ƙofa, yana miƙa wa mai gadi makulli da hannun dama.